Idan Kwamfutar Ofis Ta Mutu, Yaya Za A Ceto Lissafin Da Ke Cikinta?

'Yan'uwa, a yawancin ofisoshin ikilisiya da na ƙungiyoyin manoma da muke ziyarta a Gaya da Ajingi, kwamfuta ɗaya ce tak, kuma tsohuwa. A cikinta magatakarda yake ajiye sunayen waɗanda suka karɓi rancen iri da taki, da lissafin adashen Zumuntar Mata, da jerin marayun da ake biya wa kuɗin makaranta. Ranar da ta ƙi tashi, wadda ta biya bashinta ba ta da shaida, wanda bai biya ba kuma ya sami bakin musu. Daga nan sai zargi ya faɗa kan ma'aji.

Amma sau da yawa lissafin yana nan. Dukan abin da aka rubuta yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da masu gyara suke kira had-disk. Mu a nan za mu kira shi rumbu. Idan wuta ta dawo da ƙarfi, ko janareta ya yi wasa, abin da yakan ƙone shi ne akwatin da ke rarraba wuta ko babban allon ciki. Ɗaki ya rushe, rumbu yana tsaye. Ana iya ciro shi a kai shi wata kwamfuta.

Abin da mutane sukan yi da farko shi ne su cire rumbun kwamfutar da aka aro, su sa nasu a gurbinsa, su kunna. Sai allo ya yi shuɗi, ko ya rubuta "No bootable device". Nan take a ce rumbun ma ya mutu. Ba haka ba ne. Windows ɗin da ke cikinsa an girka shi ne daidai da kayan tsohuwar kwamfutar, kuma bai san hanya a sabon gida ba. Windows XP da Windows 7 sun fi wannan taurin kai, sukan nuna lamba 0x0000007B. Ma'anarta kawai ita ce Windows ya kasa magana da mahaɗin da aka sa rumbun a kai. Wani lokaci mai gyara yakan shiga BIOS ya sauya AHCI zuwa IDE, ko UEFI zuwa Legacy, sai ta tashi. Windows 10 da 11 sun fi haƙuri da sauyin gida. Duk da haka ba mu ba da shawarar wannan hanya ba, domin ba Windows muke nema ba, lissafinmu muke nema.

Hanyar da ta fi ita ce a bar kwamfutar aro ta tashi da nata rumbun, namu kuma ya shigo a matsayin baƙo. Ana sayar da ɗan kes ko waya mai haɗa rumbu da ramin USB a shagunan kayan kwamfuta na Kano, misali a titin Beirut. Kafin a tafi, a dubi bakin rumbun. Tsofaffin, wato IDE, suna da layi biyu na ƙananan allurai da waya mai faɗi kamar ɗamara. Na SATA, waɗanda suka fara yaɗuwa daga 2003, bakinsu siriri ne, babu allurai. A lura da girma kuma. Rumbun laftof inci 2.5 ne, wutar USB mai bolt 5 takan ishe shi. Na kwamfutar tebur inci 3.5 ne, yana bukatar bolt 12, don haka dole kes ɗinsa ya zo da tasa cajar. Gara a tafi da rumbun a nannaɗe cikin zane mai taushi da a saya da ka, a dawo Ajingi a tarar bai shiga ba. Wasu sababbin laftof kuwa ma'ajiyarsu a manne take da allon ciki, ba ta ciruwa, sai dai a kai na'urar gaba ɗaya.

Kafin a taɓa ciki, a zare wayar wuta da batir. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe, jikin mutum yakan tara wutar da ke tartsatsi idan ya taɓa ƙarfe, kuma tana iya lalata allon rumbun. A fara taɓa ƙarfen jikin kwamfutar. Kada kuma a kwance murfin rumbun don a leƙa. Faifan da ke ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce shi.

Yanzu ga wurin da aka fi yin hasara. An haɗa rumbu, sai allo ya ce "You need to format the disk", ko ya nemi a yi "Initialize". Magatakarda yana sauri, Turancin bai zauna masa sosai ba, sai ya danna amincewa. Fomat yana share taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake, kamar a yage shafin sunaye daga littafin bashi. Ƙwararre yana iya maido da wasu, amma da kuɗi, kuma babu tabbas. Amsa ita ce Cancel, kowane lokaci, ko sau nawa ya tambaya. Muna roƙon fastoci su rubuta wannan da babban baƙi su manna kusa da kwamfutar.

Idan rumbun yana juyawa amma bai fito a allo ba, a buɗe Disk Management. Sau da yawa yana nan, harafi kawai ya rasa, sai a ba shi E ko F. Fayilolinmu suna cikin jakar Users, ko Documents and Settings idan XP ne. In ya ce ba mu da izini, a danna Continue a jira, yakan ɗauki lokaci. In ya nemi mabuɗin BitLocker mai lambobi 48, a nemi wanda ya fara saita kwamfutar, domin in babu mabuɗin nan babu mai gyaran da zai buɗe shi.

Idan kuwa aka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, a kashe nan da nan. Kowace kunnawa tana ƙara ɓarna. Wannan aikin ƙwararre ne. A aiki mutum biyu daga kwamiti, su ce masa kwafi suke so, ba gyara ba, domin a wurin masu gyara da yawa gyara yana nufin a share a girka sabon Windows. Su zauna har a gama, tun da akwai sunayen gwauraye da marasa lafiya a ciki waɗanda bai kamata su zaga kasuwa ba.

Bayan an kwafe, a buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya a gaban ma'aji, a gwada su da rasit ɗin da ke hannu. Manhajoji irin su Excel ba sa bin kwafi, sai an sake girka su a sabuwar kwamfutar. A sa kwafi ɗaya a filas a kai gidan fasto, a buga lissafin rance a takarda, tsohon rumbun kuma a ajiye shi a kabad yadda yake har sai an gama karɓar bashin kaka.