Darasi: Ruwan Ɗumi Daga Ƙarƙashin Ƙasa

Duk mai jan ruwa a Gwarzo ko Kabo ya san wannan. Da asubar hunturu ruwan rijiya yakan fito da ɗumi, na randa kuwa sanyi ƙalau. Ƙasa ce take riƙe ɗumi. In aka yi zurfi sosai, zafin ƙaruwa yake yi, kamar digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita.

A wasu wurare ruwan sama yakan nutse can ƙasa, ya yi zafi, sannan ya ɓuɓɓugo. A gandun dajin Yankari, Jihar Bauchi, akwai Wikki. Ɗuminsa digiri 31 ne, rani da damina. Na Lamurde, Jihar Adamawa, ya wuce digiri 50. Sunansa ma Ruwan Zafi.

Masana sukan ɗebi irin wannan ruwa a kwalba su kai ɗakin gwaji. Kanwa ta fi narkewa a ruwan zafi. To, haka dutse ma. Yawan silika, wato sinadarin dutse da ya narke a ruwan, shi zai nuna zafin da ya baro a ƙasa, ko da ya huce a hanya. Wani awon kuma yana duba nauyin ƙwayoyin ruwan, don a gane ko ruwan sama ne asalinsa.

Haƙa rami mai zurfi yana cin kuɗi masu yawa, gara a auna tukuna. In zafin ya isa, tururinsa zai juya injin lantarki. Ƙasar Kenya ta fara haka a Olkariya a 1981. Wikki dai, yadda yake fitowa, bai kai nan ba. Wanka ake yi a cikinsa.