Darasin Mako: Mai Juna Biyu da Mayukan Kwalba, Wanne Za Ta Taɓa, Wanne Za Ta Bari?



Darasinmu na wannan Juma'a a kan mayukan nan ne na ƙananan kwalabe da suka cika shagunanmu da ɗakunan matanmu: man kanumfari, man citta, man na'ana'a, man habbatus sauda, man darbejiya da man zafi na shafawa. Wasunmu su ke saro su daga Kano ko Kafanchan, wasunmu su ke saya wa iyali. Ke nan haƙƙi biyu ne a kanmu, na mai sayarwa da na maigida.

Ganye daban, mansa daban

Mu da muke zaune a Kwoi, ƙasar Jaba, ba sai an koya mana citta ba, da ita muke cin abinci. To mu yi misali da ita. Busasshiyar citta kilo 100, idan aka turara ta aka tace, man da ke fita bai wuce kilo 1 zuwa 3 ba. Wato ɗigo kaɗan na man yana ɗauke da ƙarfin citta mai yawa. Kanumfari kuwa, fiye da kashi 70 cikin 100 na mansa sinadari ɗaya ne mai suna yujinol, wanda idan aka sha da yawa yana lalata hanta. An samu yara ƙanana da cokali ɗaya ko biyu na shayi ya kai su gadon asibiti.

Saboda haka maganar "ai daga itace aka yi shi, ba ya cutarwa" ba hujja ba ce. Abin da uwa ta sha, ko ya ratsa fatarta ya shiga jini, yana iya bi ta mabiyiya ya kai ga ɗan da ke ciki.

Ƙa'idoji biyar

1. Wata ukun farko, a ajiye kwalba. A lokacin ne ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓin yaro, kuma lokacin ne aka fi samun ɓari.

2. Ba a sha. Ko a shayi, ko a zuma, ko a kunu. Wannan ya haɗa da man darbejiya da man kanumfari, har da man zurma da wasu ke bai wa mace don naƙuda ta taso. Taso da naƙuda aikin asibiti ne.

3. Ba a shafa tsantsarsa. Bayan wata uku, idan ma'aikaciyar awo ta amince, a sa ɗigo 1 kacal cikin cokalin shayi 1 na man kaɗe ko man kwakwa ko man zaitun. A gwada a hannu tukuna, a jira kwana ɗaya. Idan ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bari.

4. Ba a sa shi a gaba. Iyayenmu mata, ku yi mana afuwa, amma gaskiya sai an faɗa: matsi da miski ko wani mai a lokacin ciki yana ƙona fata, yana buɗe ƙofar sanyi.

5. Turaren wuta, a buɗe taga. Hayaƙin garwashi a rufaffen ɗaki yana cutar da uwa da ɗa. Idan ƙamshi ya sa ta jiri ko tashin zuciya, a fitar da kaskon.

Habbatus sauda fa?

Hadisin falalarta ya inganta, yana cikin Bukhari da Muslim, babu mai ja da wannan. Sai dai hadisin bai ƙayyade wa mai ciki cokali nawa za ta sha na mataccen mai ba. 'Yan ƙwayoyi a cikin abinci daban, shan man cokali-cokali kullum daban. Na biyun a bar shi sai an sauka lafiya, ko likita ya ba da izini.

Ga mai laulayi, akwai sauƙi a kusa. A shawarwarin awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, ta ambaci citta cikin abubuwan da ke rage tashin zuciya a farkon ciki. Ana nufin cittar da muka sani, 'yar kaɗan a ruwan zafi, ba man kwalba ba.

Kafur da man zafi

Yawancin man zafi akwai kafur a cikinsa, da wani sinadari ɗan uwan asfirin. Kada mai ciki ta mulke jiki da shi, kada kuma a narka a ruwa a sha. Farin kafur ɗin nan da ake jefawa cikin akwatin kaya, kada a sa shi a kayan jariri. Yana fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai, ya jawo musu shawara mai tsanani.

Babban haɗarin ma shi ne ɓata lokaci. Mace tana ciwon kai mai tsanani, idonta na ganin dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, sai a shafa mata mai a goshi a ce ta kwanta. Alhali wannan alamar hawan jini ce da ke kai wa ga jijjiga. Haka zubar jini, fashewar faya kafin lokaci, zazzaɓi, ko ɗa ya daina motsi. Duk wanda aka gani, a nufi Babban Asibitin Kwoi ko asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. Idan kuma yaro ko mai ciki ta sha ɗaya daga mayukan nan, kada a sa ta amai, kada a ɗura mata manja. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti.

Kira ga 'yan kasuwa da magidanta

Alhaji mai shago, kada ka saro kwalbar da ba lambar NAFDAC, ba sunan abin da ke ciki. Idan mace ko ɗan aike ya zo saye, tambayi ko mai ciki ce za ta yi amfani da shi. Ribar naira ɗari biyar ba ta kai ran ɗan mutum ba. Maigida, kai kuma ka ba da kuɗin mota da izinin zuwa awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8 kafin haihuwa. A tafi da kwalaben da ke ɗaki a nuna wa ma'aikaciya, ita za ta ce wannan a bari, wannan ba laifi.

Wanda ya karanta, ya karanta wa na gida da ba su samu zuwa masallaci ba. Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.

Sakataren Masallaci