Babur a hunturu da bazara

Wani mai babur ya tashi daga Matamai da asuba, zai kai rake Damagaram. Watan Janairu ne, hunturu na busawa. Tun bai kai Kance ba, yatsunsa suka ƙage. Akuya ta gifta, ya so matse birki, hannu ya ƙi. Da ƙyar ya kauce mata!

Me ya jawo haka? Iskar gudu tana kwashe ɗumin jiki. Jini ya janye daga yatsu, sai su sandare. Shi ya sa ake sa safar hannu da rigar sanyi, a ɗora hular kwano. In da hazo, a kunna fitila.

A watan Afrilu kuwa, zafi kan wuce digiri 40. Iska ke sanyaya injin babur. In ita ma ta yi zafi, ga kaya, ga rairayi, sai inji ya galabaita. Matuƙi kuma gumi na bushe masa bai sani ba, har jiri ya ɗebe shi. Gara ya sha ruwa tun kafin ƙishirwa, ya huta a inuwa da azahar.

Tambayoyi
1. Me ya hana hannu matse birki?
2. A bazara, wane lokaci ya dace da tafiya?