Jinyar Tsofaffi a Gida

Darasi na 12

A ƙasarmu tsoho a gidansa ya ke tsufa. A Madadi, ko Gwarzo, ko Kabo, 'ya'ya da jikoki su ke jinyar iyayensu. Akwai gidan gajiyayyu a Shahuci, cikin birnin Kano, amma wannan na waɗanda ba su da kowa ne. Saboda haka aikin nan namu ne, ya kamata mu iya shi.

Ga wani misali. An yi wani dattijo a wani ƙauye kusa da Madadi. Hawan jini ya kama shi. Ɗansa ya kirawo wani saurayi, ma'aikacin lafiya. Saurayin nan ya san aikinsa, amma bai san mutane ba. Ya shiga turaka da takalmi. Ya tsaya a kan tsohon, ya kira shi da sunansa na yanka. Ya tambaye shi zancen fitsari a gaban surukarsa. Sa'an nan ya miƙa masa magani da hannun hagu.

Tsoho ya ce, "Madalla." Da saurayi ya fita, sai ya tura ƙwayoyin ƙarƙashin tabarma. Bai sha ko ɗaya ba. Bayan wata guda ya yanke jiki ya faɗi a zaure. Aka ɗauke shi zuwa asibitin Gwarzo. Allah ya sa da sauran kwana.

Da ya komo gida, sai wani ma'aikacin ya zo duba shi. Ya yi sallama, ya jira aka yi masa izini. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?"

Tsoho ya ce, "Da sauƙi, yaro. Ɗan wane ne kai?"

Ya gaya masa. Suka gaisa sosai. Ya roƙi mata su ba su wuri. Sa'an nan ya ce, "Baba, in ka yarda, zan auna jininka." Ya auna, ya yi masa bayani. Ya ce awo in ya kai 140 bisa 90, ko ya wuce, jini ya hau, ko da mutum ba ya jin ciwo. Ya ce, "Ƙwaya ɗaya kullum, bayan sallar asuba." Tun daga ran nan tsoho bai ƙara fashin magani ba.

To, jama'a, ku lura. Magani ɗaya ne, ciwo ɗaya ne. Amma na fari ya kunyata tsoho, na biyu ya girmama shi. Tsohon da aka kunyata ba ya gardama, sai dai ya yi shiru ya ƙi magani. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ga abubuwa shida da mai jinya zai kiyaye:

1. Gaisuwa kafin aiki. Ka ce Baba, ko Malam, ko Alhaji. Ki ce Inna, ko Iya, ko Gwaggo.

2. Kunya. Namiji ya wanke namiji, mace ta wanke mace. A saki asabari, a rufe jiki da zane. Kada a sa suruka aikin da zai kunyata su duka biyu.

3. Salla. A aje masa buta da buzu kusa. Wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune. Wanda ruwa zai cuta ya yi taimama.

4. Azumi. Mai ciwon sukari ya ga likita kafin watan azumi. In likita ya hana, kada yaro ya yi gardama da tsoho. A kirawo liman ya yi masa bayani, zai fi ji.

5. Abinci. Kada a raba shi da abin da ya saba. A tuƙa tuwo mai laushi, a dama kunu ko fura. Mai hawan jini a rage masa gishiri da kanwa da dunƙulen miya.

6. Kwanciya. Wanda ba ya iya tashi a riƙa juya shi bayan kowace awa biyu, don kada bayansa ya yi gyambo.

In tsoho yana shan sassaƙe, kada ku zage shi, kada ku ɓoye. Ku nuna wa likita, domin wani magani ba ya haɗuwa da wani. In kuwa ya ƙi jin maganarku, ku aiki jikansa. Akwai wasa tsakanin jika da kaka. Abin da ɗa ke jin nauyin faɗa, jika zai faɗa cikin raha.

A shekarar 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi. Mu kuwa tsofaffinmu suna tare da mu kullum. Yadda 'ya'yanmu suka ga muna yi musu, haka za su yi mana.

Tambayoyi

1. Don me tsoho ya ɓoye magani?
2. Me ma'aikaci na biyu ya yi kafin ya fara aiki?
3. Sau nawa za a juya mara lafiya daga asuba zuwa azahar?

Rubutu: Ku rubuta sunayen girmamawa huɗu da a ke kiran tsofaffi da su a garinku.