DARASI: Dokar mai a teku da abin da mai kiwon kifi zai ɗauka daga gare ta

Darasinmu na yau a kan mai ne: baƙin mai, fetur da gas, da yadda suke kashe kifi.

Wani zai ce, mu da ke Bodinga da Shagari, ina ruwanmu da teku? To, a yi haƙuri a karanta. Yanzu rani ya kama, injinan ban ruwa sun cika fadama da bakin dam ɗin Shagari, ga janareto kusa da rijiyar burtsatse. Duk inda inji yake akwai mai, kuma da wannan ruwan muke cika tafkunan kifinmu.

YADDA DOKAR TA SAMO ASALI

A 1967 jirgin dakon mai Torrey Canyon ya fashe a gaɓar Ingila, ɗanyen mai sama da tan 100,000 ya malale. Wannan bala'in na cikin abubuwan da suka haifar da yarjejeniyar MARPOL ta 1973, wadda aka gyara a 1978, ta fara aiki a 1983. Najeriya na cikinta, hukumar NIMASA ce ke sa ido. Muna kuma da dokarmu ta 1968 da ta hana zubar da mai a ruwan da jirage ke bi, sai hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006 don malalar mai.

Ga abubuwa huɗu daga dokokin, kowanne da darasinsa.

1. A TACE KAFIN A ZUBAR

Ruwan ɗakin injin babban jirgi, haka na dandamalin haƙar mai a cikin teku, ba a sakinsa sai an tace, man da ke ciki bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Ma'ana, kamar cokalin cin abinci ɗaya a tanki mai lita 1,000. Wannan fa a teku ke nan. Tafkinka da ruwansa ke tsaye ba ya ɗaukar ko hakan.

Dalili? Mai na shimfiɗuwa a saman ruwa ya tare iskar oksijin, ya kuma manne a wurin numfashin kifi. Tarwaɗa na tasowa sama ta shaƙi iska, sai ta yi karo da shi. 'Ya'yan kifi ne ke fara mutuwa, musamman a zafin Maris zuwa Mayu da iskar ruwa ke raguwa. Wanda ya tsira kuma namansa ya ɗauki warin gas, mai saye ya ɗanɗana sau ɗaya ba zai dawo ba.

2. BANGO BIYU

Bayan haɗarin jirgin Exxon Valdez a Amurka a 1989, an wajabta wa sababbin jiragen dakon mai bango biyu, in na waje ya huje na ciki ya tare. Kai ma yi wa injinka haka. Ka ɗora shi a kan faranti ko rabin duro mai yashi, nesa da tafki, a gangaren da ruwan sama ba zai kwaso mai zuwa wurin kifi ba. Juyen mai a yi shi can nesa da ruwa, a tara baƙin man a jarka mai murfi. Kada ka zuba ruwan kifi ko na kaji a duron da aka taɓa sa gas. In daga dam kake jan ruwa, nutsar da bakin tiyo ƙasa da saman ruwan, kada ka ja daga inda ake wanke babur.

3. LITTAFIN MAI

Kowane babban jirgi na da littafin da ake rubuta duk man da aka juye ko aka kwashe. Sayi littafi ƙarami: ranar juye, yawan da ka zuba, yawan da ya fito. In mai na raguwa ba dalili, injin na yoyo ke nan, nemi makanike tun kafin kifi ya gaya maka.

4. RAHOTO DA DIYYA

Dokar NOSDRA ta ba kamfani awa 24 ya kai rahoton malala. Wanda ya ɓata kuma shi ke biya: bayan malalar Bodo a Jihar Ribas a 2008, kamfanin Shell ya amince a 2015 ya biya fam miliyan 55 ga masunta da al'ummar garin. Shekara bakwai fa ana jira! Kai ba ka da wannan lokacin. In kuna shan ruwa ɗaya da maƙwabta, ku zauna da sarkin ruwa ko ƙungiyar manoma ku sa ƙa'ida tun wuri.

IN MAI YA RIGA YA SHIGA

- Kashe injin, tsayar da abinci na kwana ɗaya.
- Kada ka motsa ruwan.
- Shimfiɗa tsohuwar jarida ko buhu mai ɓuntun shinkafa ya tsotse man, ka cire.
- Zuba sabon ruwa daga ƙasa, na sama ya malale waje, amma ba cikin rafi ba.
- Kada ka sa omo ko sabulu. A Torrey Canyon, sinadaran wanki da aka fesa sun kashe halittun gaɓar teku da yawa. Omo nutsar da man yake yi zuwa inda kifin yake.

Aikin gida: gobe da safe ka leƙa ƙarƙashin injinka da saman ruwanka. In ka ga launi kamar bakan gizo, ka faɗa mana a ƙasa, mu duba tare.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a kiwo.