Darasin Kasuwanci: Fa'idar Ƙaramar Fuskar Waya Ga Mai Neman Abokan Ciniki

Tun watan Agustan 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka soma aikin wayar salula a Nijeriya, 'yan kasuwa suka saba da wayoyi masu ƙaramar fuska irin su Nokia 3310, wadda layi biyar kacal take nunawa. Mutane da dama sun ɗauki wannan ƙanƙanta a matsayin naƙasu. Amma Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Fa'ida ta farko ita ce ƙarancin wuri yana tilasta wa mai tsara manhaja ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci. Tsarin USSD, wanda bankuna ke amfani da shi, kamar *737# na GTBank da *894# na First Bank, ba ya ɗaukar fiye da haruffa 182 a saƙo guda. Saboda haka ba a cusa talla ko ado, sai tambaya ɗaya a kowane mataki: lambar asusu, adadin kuɗi, lambar sirri.

Ta biyu, kuskure yana raguwa. Idan sunan mai karɓar kuɗi ya fito shi kaɗai a gaban mai aikawa, da wuya ya tura dukiyarsa ga wani daban.

Ta uku, irin wannan tsari yana aiki a waya mai araha, ba ya kuma bukatar intanet. A kan ƙananan wayoyi ne Safaricom ya kafa M-Pesa a Kenya a 2007.

An ga amfanin haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalinsu. A kasuwar Gwagwalada, kamar sauran kasuwannin ƙasar, mai doya ko mai hatsin da ya iya karɓar kuɗi ta waya ya fi takwaransa samun ciniki.

Don haka duk ɗan kasuwar da zai biya kuɗi a tsara masa manhaja, ya nemi a fara gwada ta a waya mafi ƙanƙanta. Ya miƙa ta ga direba a tashar mota ko ɗalibi a Jami'ar Abuja, ya ƙirga matakan da za su bi kafin su biya. Matakin da ya rikita su, a cire shi ko a gyara, domin a nan ne ciniki ke kuɓucewa.