Uwargida da Lafiyar Jiki: Daga Tafiya Zuwa Sassarfa Cikin Mako 12

Darasinmu na yau a kan motsa jiki yake, musamman yadda matar da ba ta taɓa yin gudu ba tun tana ƴar gaɗa za ta fara da tafiya, ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ta kai ga yin sassarfa ta minti 30 ba tare da ta ji wa kanta ciwo ba.

Na san wata za ta ce, "Malama, gudu kuma? Da girmana da ƴaƴana?" Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin ni ma haka na ce da farko.

Abin da ya jawo wannan darasi

Bayan haihuwata ta uku jiki ya yi mini nauyi. Daga gidanmu a nan Dugabau zuwa Islamiyyar da nake koyarwa ba wata tazara ba ce, amma kafin in isa sai na tsaya na huta, in na shiga aji kuma sai na zauna numfashi ya dawo kafin in buɗe darasi. Da na je awo aka ce jinina ya fara hawa, ma'aikaciyar lafiya ta ce in rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, in kuma riƙa motsa jiki.

Washegari da sassafe na ɗaura zani na hau zagaye tsakar gida a guje da silifas. Ko minti uku ban yi ba ƙirjina ya ɗauki zafi. Na daure na maimaita kwana huɗu a jere, a rana ta biyar ƙaurina da gwiwata suka ce ba su san zancen ba, har sujada sai da dabara. Na watsar da abin gaba ɗaya wata shida. Laifin ba na gudun ba ne, gaggawata ce. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi, ni kuwa na so in tashi ban yi rarrafen ba.

Me ya sa muke buƙatarsa?

Iyayenmu da kakanninmu a ƙauyukan Kabo da Gwarzo ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwarsu ce motsa jikin: sussuka, surfe, daka, niƙa a dutse, jan ruwa a rijiya, zuwa biki ko ta'aziyya ƙauye zuwa ƙauye a ƙafa. Yau inji ya karɓi niƙa da surfe, babur da adaidaita sahu sun karɓi tafiya. Mun samu sauƙi, alhamdulillahi, sai dai jiki ya zauna, ga shinkafa da taliya da lemon kwalba sun ƙaru. Shi ya sa hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, waɗanda da ake cewa na masu kuɗin birni ne, suka shigo mana har ɗaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a shekarar 2020, ta ba da shawarar kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri, ko kuma minti 75 na mai ƙarfi, irin sassarfa. Aikin gida yana gajiyarwa ƙwarai, babu musu, amma yawancinsa tsayuwa ce da durƙuso da sunkuyo, ba ya sa zuciya ta yi aiki na mintuna masu yawa a jere. Wadda har yanzu take daka da jan ruwa kullum, ita kam ta riga mu yin nisa.

Ta fuskar addini kuwa, babu abin kunya a ciki. Imam Abu Dawud da Imam Ahmad sun ruwaito cewa Nana A'isha (R.A) ta yi tsere da Manzon Allah (S.A.W) a wata tafiya ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta. A ruwayar Imam Ahmad, sai da ya umarci sahabbai su yi gaba tukuna. Kin ga an haɗa mana abu biyu: halaccin gudun, da kuma kiyaye sutura da keɓewa.

Haka nan ki tuna da aikin Hajji da Umara. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai kuwa ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa a Mina. Maza ne aka sunnanta wa sassarfa tsakanin korayen fitilun nan, mu mata tafiya kawai muke yi, amma tafiyar ma tana son ƙafa da numfashi. Wadda take tara kuɗin kujera, ya kamata ta riƙa tara ƙarfin jiki ma.

Hikimar haɗa tafiya da sassarfa

Wannan tsari ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wani ɗan tseren Amurka mai suna Jeff Galloway, wanda ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta 1972, shi ya yi fice wajen koya wa sababbin shiga su riƙa sirka gudu da tafiya tun a shekarun 1970. A shekarar 1996 kuma wani Ba'amurke, Josh Clark, ya tsara jadawalin mako tara da ake kira Couch to 5K, ma'ana daga zaman kujera zuwa gudun kilomita biyar. Daga baya hukumar kula da lafiya ta Birtaniya, wato NHS, ta ɗauke shi tana koya wa jama'arta.

Dalilin da ya sa yake aiki shi ne, sassan jiki ba sa sabawa a lokaci guda. Zuciya da huhu da tsoka suna saurin sabawa, cikin ƴan makonni za ki ji numfashinki ya daidaita. Amma jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da gaɓoɓi, da shi kansa ƙashin, su sai a hankali, suna ɗaukar watanni. A kowane taku na gudu, ƙafa tana karɓar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinki. To idan numfashi ya ce miki "ƙara", alhali gwiwa ba ta shirya ba, nan ake samun rauni. Tafiyar da ake sakawa a tsakani ita ke ba zuciya damar saukowa, ta kuma rage wa gaɓoɓi duka. Ranar hutu kuwa, a ita ce jiki yake gyara abin da ya gaji ya ƙara masa ƙarfi. Don haka hutun ma yana cikin darasin.

Kafin ki fara

1. Ki je asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa a auna jininki, in da hali har da suga. Idan awon jini yana kai 140 bisa 90 ko sama da haka, ko kina da ciwon zuciya, asma, sikila, ko kina shan maganin suga, ki nemi shawarar likita tukuna.

2. Mai juna biyu wadda ba ta saba gudu ba kada ta fara shi yanzu, tafiya ta wadatar bisa shawarar masu awo. Mai jego ta fara da tafiya a hankali, sassarfa kuma ta jira aƙalla wata uku bayan haihuwa. Wadda aka yi wa tiyata sai likita ya ba ta izini.

3. Ki yi shawara da maigida cikin hikima. Ki nuna masa takardar awonki, ki faɗa masa inda za ki yi da lokacin. Mazaje da yawa in suka gane maganar lafiya ce ba sa hanawa, wani ma sai ya shigo a yi tare.

4. Wuri: tsakar gida ta isa. Ki share tsakuwa, ki kawar da turmi da murhu da igiyar shanya, ki nesanci bakin rijiya. Ƙasa ta fi siminti sauƙi ga gwiwa. Idan filin ƙarami ne ki riƙa sauya ɓangaren zagaye don gudun jiri, ko ki yi sassarfar a tsaye wuri guda. Mu a wajenmu, da izinin shugabannin makaranta, mukan haɗu mu biyar zuwa shida a harabar Islamiyya mai katanga bayan yara sun tashi.

5. Kaya: takalmin kambas mai taushin ƙasa da safa, ko na gwanjo ne. Ban da silifas. Wando mai faɗi a ƙarƙashin doguwar riga, da rigar mama mai riƙewa sosai. In a waje ne, hijabi mara nauyi wanda ba zai harɗe ki ba.

6. Lokaci: bayan sallar Asuba in gari ya waye, ko da yamma in rana ta yi sanyi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasar Kano yakan kai digiri 40, don haka sanyin safiya kaɗai ya dace. Da hunturu, ranar da ƙura ta yi yawa ki yi a cikin rumfa ko ki ɗage. Ki sha ruwa kafin ki fara da bayan kin gama.

Jadawalin mako 12

Na tsawaita tsarin nan na mako tara, na sa mako uku na tafiya zalla a farko, saboda na ga abin da ya fi dacewa da matan da muke yi tare. Sau uku ake yi a mako, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba. Kowace rana ki buɗe da tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama, ki rufe da wata minti 5 don ya huce. Agogon wayarki ya isa wajen lissafi.

Mako na 1 da na 2: tafiya kawai, minti 15 zuwa 20.
Mako na 3: tafiya da sauri, minti 25 zuwa 30.
Mako na 4: sassarfa minti 1, tafiya minti 1 da rabi, sau 8.
Mako na 5: sassarfa minti 1 da rabi, tafiya minti 2, sau 6.
Mako na 6: sassarfa minti 3, tafiya minti 2, sau 4.
Mako na 7: sassarfa minti 5, tafiya minti 3, sau 3.
Mako na 8: sassarfa minti 8, tafiya minti 4, sau 2.
Mako na 9: sassarfa minti 10, tafiya minti 3, sau 2.
Mako na 10: sassarfa minti 20 a jere.
Mako na 11: minti 25.
Mako na 12: minti 30.

Ki lura, sassarfa na ce, ba gudun tsira ba. Taku gajeru, jiki a miƙe, kafaɗu a sake. Ma'aunin shi ne ki iya yi wa ta kusa da ke magana jimla guda cikakkiya kina cikin yi. In magana ta gagara, kin yi sauri, ki rage. Idan mako ya yi miki wuya, ki maimaita shi sau biyu ko sau uku, babu mai ba ki maki. Ni kaina sai da na yi mako uku a kan mako na 7. Wata uwa a cikinmu, mai jikoki, ta tsaya a mako na 3 ta ce tafiyar ta ishe ta, kuma ta yi daidai, domin tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako ta cika minti 150 ɗin nan.

Idan rashin lafiya ko baƙi ko biki suka katse ki mako ɗaya ko biyu, kada ki ɗora daga inda kika tsaya, ki koma baya da mako guda. Lokacin al'ada babu laifi a yi in jiki ya yarda, in bai yarda ba a yi tafiya. A watan azumi ki mayar da shi bayan buɗa-baki da awa biyu, ko ki tsaya a tafiya har bayan Sallah.

Alamomin da za su sa ki tsaya

Ciwon cinya da sharaɓa na kwana ɗaya ko biyu bayan motsa jiki abu ne da aka saba, yana wucewa. Amma ki tsaya nan take ki nemi asibiti idan kika ji nauyi ko ciwo a ƙirji, jiri ko duhun ido, bugun zuciya mara tsari, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan kin huta. Ciwon da ya tsaya wuri guda a gwiwa, ƙauri ko diddige, wanda yake ƙaruwa in kin taka, shi ma hutu yake nema, kada ki yi masa jarumta irin tawa.

Akwai kuma abin da mata ke jin nauyin faɗa: ɗigon fitsari lokacin sassarfa ko tari, musamman ga wadda ta haihu da yawa. Ba ke kaɗai ba ce, kuma yana da magani. Ki koma tafiya, ki sanar da ungozoma ko likita, za a koya miki atisayen matse tsokar ƙasan mara.

Wadda aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga, kada ta daina sha don ta fara motsa jiki. Likita ne kaɗai zai rage ko ya canza.

Kammalawa

Na ɗauki wata biyar kafin in gama jadawalin mako 12. Nauyina bai ragu sosai ba, kada in yi miki ƙarya, amma awon jinina ya daidaita, barcina ya gyaru, ina isa makaranta in fara darasi a tsaye, tsayuwar tarawihi ma ta daina gagarata. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (R.A) cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Jikin nan amana ne, da shi muke sallah, da shi muke rainon yara da hidimar gida.

Aikin gida na wannan fitowa: a cikin makon nan ki je a auna jininki, ki yi magana da maigida, ki nemi ƙawa ɗaya ko abokiyar zama da za ku riƙa tunatar da juna, sannan ki yi tafiyar minti 15 sau uku. Ki rubuta ranakun a bayan littafinki na Islamiyya. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu yi amfani da ƙarfinmu wajen bauta maSa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.